Dabbar da Sai an Yi Mata Tiyata Kafin Ta Shaƙi Iska

Duk mai leƙa TikTok ko Instagram ya taɓa cin karo da irin bidiyon nan: ɗan gajeren kare mai dannanniyar fuska, idanu ƙwala-ƙwala, yana zaune yana gyangyaɗi yana zuba minshari. Wani ya ɗora haɓarsa a kan hannun kujera, wani ya yi barci da abin wasa a baki. Jama'a suna ta dariya suna tura wa juna. Likitan dabbobi in ya kalla ba ya dariya, domin ya san abin da yake gani. Karen yana barci a zaune ne saboda da zarar ya kwanta maƙogwaronsa yakan rufe. Abin wasan da ya danne da haƙori kuwa dabara ce ta barin baki a buɗe don iska ta samu hanya. Dabba ce take fafutikar numfashi ko a cikin barcinta.

A Turai da Amurka wannan matsala ta haifar da wani babban reshe na aikin tiyatar dabbobi, wato gyaran hanyar iska ta sama, daga ƙofar hanci zuwa maƙogwaro da bututun da ke gangarawa huhu. Aiki ne na gwaninta, kuma ina ganin girman masu yin sa. Amma ra'ayina shi ne a raba marasa lafiyar nan gida biyu. Akwai waɗanda tsufa ko ƙaddara ta toshe wa hanyar iska, akwai kuma waɗanda ɗan Adam ne da hannunsa ya ƙera su a toshe. Na farkon tiyata magani ce gare su. Na biyun tiyata jinƙai ce ga wanda aka riga aka haifa, amma ba za ta taɓa zama hujjar ci gaba da haifo irinsa ba.

Bari mu fara da gida na farko, wanda babu gardama a kansa. Tsohon karen Labrado, mai shekara goma ko fiye, sai a ji haushinsa ya dushe, numfashinsa ya koma wata ƙara mai kaushi, musamman in ya ɗan yi tafiya a rana. Jijiyar da ke ba da umarnin buɗe maƙogwaro ce ta raunana, don haka guringuntsi biyun da ya kamata su wage duk lokacin da aka ja iska sai su tsaya cak a tsakiyar hanya. Likita yakan tsaga gefen wuya, ya ɗaure ɗaya daga cikinsu baya da zare mai ƙarfi, ƙofar ta zauna a buɗe har abada. Ɗaya kawai ake ɗaurewa, da dalili: ƙofar da ba ta rufuwa abinci da ruwa ma suna iya faɗawa ta cikinta, su je huhu su haifar da ciwon haƙarƙari. Karen da aka yi wa wannan aiki ba a barinsa ya yi iyo, ana kuma lura da yadda yake cin abinci. Duk da haka, dabbar da jiya take neman shiɗewa yau ta miƙe tana yawo.

Ƙananan karnuka irin su Yokshaya da Fomeraniya nasu ciwon a bututun iska yake. Zobban guringuntsin da ke riƙe da shi sukan yi laushi, bututun ya lotsa, karen ya dinga wani busasshen tari mai ƙara. Mafi yawansu ba sa buƙatar wuƙa. Rage ƙiba, maganin tari, da daina ɗaura musu igiya a wuya a koma ɗamarar ƙirji, sun wadatar. Sai abin ya faskara ake saka ragar ƙarfe a cikin bututun ko zobba a bayansa. A kyanwa kuma, musamman ƙarama, akwai wani tsiron nama da kan fito daga tsakiyar kunne ya leƙo ta bayan hanci. Sai a ji tana gurnani in tana numfashi, tana atishawa, haɗiyar abinci tana yi mata wuya. Likita ya sa ta barci, ya ɗaga ganɗa, ya kama tsiron ya ja shi a hankali har ya tsinko daga tushe. In ya sake fitowa sai a buɗe ƙashin kunnen ta ƙarƙashin muƙamuƙi a kwashe tushen. Kyanwa takan warke sarai. Babu wanda za a zarga a nan.

Gida na biyu shi ne abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Buldog na Ingila, buldog na Faransa, pug, Pekinis, Shih Tzu, da kyanwar Farisa mai shafaffiyar fuska, duk an yi shekara da shekaru ana zaɓen masu gajeren hanci ana haɗa su barbara, har ƙashin fuskar ya kusa ɓacewa. Matsalar ita ce ƙashi ne kawai ya gajarce. Naman da ke cikinsa, harshe da ganɗa da lallausan ƙasusuwan cikin hanci, bai ragu daidai da shi ba. Kamar a kwaso kayan ɗakin amarya ne na falo da uwar ɗaka a ce sai an cusa su cikin ɗan shagon zaure. Komai zai shiga, amma ba za a samu wurin wucewa ba.

Ga yadda cunkoson yake. Ƙofar hanci ta matse ta zama ɗan tsagi, wani lokaci ma in karen ya ja iska sai fukafukan hancin su ƙara mannewa. Bayanta, ƙasusuwan nan masu lanƙwasa sun cukurkuɗe sun toshe hanya. Can ciki, tattausan ƙarshen ganɗa, daidai inda beli yake a bakin mutum (kare shi ba shi da beli), ya yi tsawo ya yi kauri har ya zubo kan ƙofar maƙogwaro, yana kaɗawa da kowane numfashi. Wannan kaɗawar ita ce minsharin da ake yi wa dariya. Buldog na Ingila sau da yawa har bututun iskarsa ƙarami ne tun daga haihuwa, kuma wannan ba wuƙar da ke iya faɗaɗa shi.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ciwon ba a wuri ɗaya yake tsayawa ba. Dabbar da ke zuƙar iska da ƙarfi ta ƙuntatacciyar hanya, dare da rana, wannan zuƙar tana jawo naman maƙogwaro ciki. Wasu 'yan aljihuna biyu da ke gefen maƙogwaron sukan juyo su kumbura su ƙara tare hanya. In aka daɗe, guringuntsin kansa ya gaji ya rufta. Zuƙar har ciki takan taɓa: tana jawo saman tumbi zuwa cikin ƙirji, shi ya sa da yawan karnukan nan suke yawan dawo da abinci da kumfa. Mai kare yakan ɗauka haɗama ce ta yi masa yawa, alhali numfashi ne.

Aikin da likita ke yi a nan yana da kyan gani ga mai son sana'ar hannu. Ana kwantar da karen a kan ƙirjinsa, a rataye muƙamuƙin sama, a wage baki, bututun iskar maganin barci yana cikin maƙogwaro. Likita ya soka zare a gefe da gefen ganɗar ya jawo ta gaba, ya auna inda zai yanka, galibi daidai ƙarshen 'yan ƙwayoyi biyu da ke gefen maƙogwaro. A nan gwaninta take. In ya rage da yawa, toshewa tana nan. In ya zarce, abinci da ruwa su dinga komawa ta hanci har ƙarshen rayuwar dabbar. Yana yanka kaɗan yana ɗinkewa da siririn zaren da jiki ke narkarwa, har ya kai ɗaya gefen. A 2008 likitoci biyu, Laurent Findji da Gilles Dupré, sun bayyana wata hanya da ba tsawon kawai take ragewa ba, har da kaurin: a fere naman tsakiya, a naɗo ragowar a ɗinke. Daga nan a dawo hanci, a yanke ɗan yanki mai siffar tsinin mashi daga kowane fiffike, a ɗinke, tsagin nan ya koma rami. A Jami'ar Leipzig ta Jamus, Farfesa Gerhard Oechtering ya ƙara gaba, yana shiga can cikin hancin da na'urar leza yana ƙone ƙasusuwan da suka toshe hanya.

Hatsarin ba a lokacin yankan ya fi yawa ba, a lokacin farfaɗowa ne. Wurin da aka taɓa yakan kumbura, kuma hanyar da dama can ƙarama ce. Shi ya sa ake barin bututun iskar a bakinsu har sai sun farka sosai, wani ma'aikaci yana tsaye a kansu. Kowane kare da zarar ya fara farkawa yakan yi ta fama ya tofar da bututun nan. Masu aikin sun daɗe suna faɗin cewa buldog sau da yawa yakan kwanta shiru, idonsa biyu, bututu a maƙogwaro, bai damu a cire ba. Ban san wata shaida da ta fi wannan nuna irin rayuwar da dabbar take ciki ba: robar da kowace dabba ke ƙi, shi a wurinsa sauƙi ce.

Tiyatar tana taimakawa, wannan gaskiya ne, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Karen da aka yi wa aiki yana ƙarami, kafin maƙogwaro ya rufta, ya fi samun sauƙi nesa ba kusa ba. Wanda aka kai a makare wani lokaci sai dai a huda masa wuya a bar masa ƙofar numfashi ta dindindin, rayuwa mai cike da wahalar goge majina da fargabar toshewa. Amma ko wanda aka yi wa a kan kari, sassauci ya samu. Harshensa yana nan da girmansa, ƙoƙon kansa bai canza ba, zafi yana nan yana jiransa. Kuma wuƙa ba ta taɓa gado. Karen da aka buɗe wa hanci, in aka haɗa shi barbara, 'ya'yansa da matsattsen hancin za su fito.

Alƙaluma suna nan ga mai son gani. Masu bincike a Jami'ar Kambirij, ƙarƙashin likitar tiyata Jane Ladlow, sun auna numfashin ɗaruruwan karnukan nan, suka tarar kusan rabin pug da buldog na Faransa da suka duba suna da toshewar da ta kai a kira ta ciwo. A Kwalejin Likitancin Dabbobi ta Landan, binciken Rowena Packer na 2012 ya nuna kashi 58 cikin ɗari na masu karnukan da ke da ciwon sun ce nasu karen ba shi da matsalar numfashi, alhali su da bakinsu suka bayyana alamominsa. “Ai haka irinsu suke,” ita ce amsar da ake bayarwa. Wani nazari na 2022 a kan karnukan Birtaniya ya ba karen Jack Russell tsammanin rayuwa na shekara 12.7, pug 7.7, buldog na Ingila 7.4, na Faransa 4.5. Adalci ne a ce wannan adadi na ƙarshe ya yi ƙasa fiye da kima saboda yawancin buldog na Faransa da ke ƙasar a lokacin ƙanana ne, amma ko an gyara lissafin tazarar tana nan. Sama da kashi 80 cikin ɗari na haihuwar buldog a Birtaniya, bisa wani bincike na 2010, sai an tsaga cikin uwar, don kan ɗan ba ya wucewa. Wuƙa ce take shigo da shi duniya, wuƙa ce kuma take ba shi iska.

Duk da haka kasuwarsu ta yi ta bunƙasa. Ƙungiyar rajistar karnuka ta Birtaniya ta yi wa buldog na Faransa 692 rajista a 2007. A 2016 sun haura 21,000, a 2018 suka ture Labrado daga matsayi na ɗaya. A Amurka ma haka ta faru a 2022, bayan Labrado ya shafe shekara 31 a sama. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Faffaɗar fuska da manyan idanu suna kama da na jariri, zuciya tana karkata gare su, ga taurari suna ɗaukar hoto da su, ga masu talla suna manna su a jikin kaya. Asalin buldog ba haka yake ba. Lokacin da ake haɗa shi faɗa da bijimi a Ingila, kafin a haramta wannan mugun wasa a 1835, kare ne dogo mai hanci, kamar yadda zane-zanen zamanin suka nuna. Gasar nuna karnuka ce ta mayar da shi abin da yake yau, alƙalai suna ba da lambar yabo ga wanda fuskarsa ta fi lotsawa.

Akwai masu cewa, to ai ga likitoci, ga kuɗi, mai kare yana son abinsa kuma a shirye yake ya biya, ina laifi? Ban yi shakkar ƙaunarsu ba. Na san mutum yana iya sayar da kadara don karensa ya rayu. Amma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, kuma a nan ba mai saye ne yake shan wahalar ba. Kuɗin da ya biya ɗan kasuwa shi ne yake sa a sake haɗa wata barbarar. Su kansu likitocin suna cikin tsaka mai wuya: ba za su kori dabbar da ke shaƙewa a gabansu ba, amma sun san kowane aikin da ya yi kyau yana ƙara wa mutane ƙwarin gwiwar cewa matsalar mai gyaruwa ce. Ƙungiyar likitocin dabbobi ta Birtaniya ta fito fili a 2018 da gangamin jan hankalin jama'a da kamfanonin talla su daina tallata irin waɗannan karnuka. Wannan shi ne matsayin da ya dace da likita mai mutunci: ya yi aikin, ya faɗa wa mai dabbar gaskiya, ya kuma ba da shawarar kada a bar ta ta hayayyafa.

Ƙasashe sun bi hanyoyi daban-daban. Holan ta fi kowa tsauri. Tun 2014 dokarta ta hana haɗa dabbobin da siffarsu ke cutar da 'ya'yansu, a 2019 kuma ta fitar da ma'auni: hancin kare ya kai aƙalla kusan kashi ɗaya bisa uku na tsawon kansa. A Nowe wata kotun Oslo ta haramta haɗa buldog na Ingila barbara a farkon 2022, amma kotun ƙoli a 2023 ta bar ƙofa a buɗe muddin ana bin tsarin tantance lafiya. Birtaniya ta zaɓi gwajin sa-kai. Tun 2019 akwai tsarin da Kambirij ta tsara, inda likita ke sa karen sassarfa na minti 3, ya saurari maƙogwaronsa kafin da bayan, ya ba shi maki daga 0 zuwa 3, mai maki 3 kuma ba a haɗa shi barbara. Ni hanyar Holan ta fi kwanta mini. Gwajin sa-kai masu gaskiya ne kawai suke zuwa yi, ɗan kasuwar da ke tara 'yan kwikwiyo a bayan gida yana sayarwa ta intanet ba zai je ba.

Me ya kawo wannan magana gare mu? Zafi. Kare ba ya gumi a jiki kamar mutum, sai ɗan kaɗan a tafin ƙafa. Da haki yake sanyaya jikinsa, iska tana bi ta kan jiƙaƙƙen naman hanci da harshe tana kwashe zafi. Wanda aka matse wa hanci an ƙwace masa wannan hanya, kuma ƙoƙarin hakin ma ƙara masa zafi da kumburin maƙogwaro yake yi. A Birtaniya mai sanyi, binciken 2020 ya nuna buldog ya ninka Labrado sau 14 wajen haɗarin bugun zafi. To ina ga Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai a watan Afrilu, inda ma'aunin zafi ke haura digiri 40, wuta kuma tana iya ɗaukewa da tsakar rana? Jikin kare in ya wuce digiri 41 gaɓoɓinsa sukan fara lalacewa. Dubi karen Azawak na makiyayan Nijar da Mali, ko karen farautarmu na gida, dogon hanci, siririn jiki, yana wuni a daji. Ƙasar ce ta tace su.

Kare dai ba kowane gida ne ke ajiye shi a wurinmu ba, amma kyanwa 'yar gida ce, kuma kyanwar Farisa ta fara shiga gidajen masu hali a biranenmu. Mai dannanniyar fuskar cikinsu tana da irin wannan matsala: ƙaramar ƙofar hanci, numfashi mai ƙara, da hawaye da ke zuba kullum yana ɓata gashin fuska saboda hanyar da ya kamata ya bi ta lanƙwashe. Kyanwa gwanar ɓoye ciwo ce, sai dai a ga ta rage wasa tana yawan kwanciya. In ka ga kyanwa tana numfashi baki buɗe, ba a kwana da wannan, a nufi asibiti. Mu da muka tashi da jin labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, da mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare, ba sai an koya mana cewa wahalar dabba abin tambaya ce ba.

Wanda ya riga ya mallaki irin wannan dabba, kada ya jira sai harshenta ya yi shuɗi. Ya rage mata ƙiba, ya daina fita da ita a rana, kada ya bar ta cikin mota ko na ɗan lokaci. In zafi ya buge ta, ya fara kwara mata ruwan sanyi a inuwa ya sa mata iska, sannan ya ɗauke ta zuwa wurin likita. Ya kai ta a duba hanci da ganɗarta tun tana ƙarama, a asibitin da ke da kayan sa barci da mai tsayawa a kanta bayan aiki, irin asibitocin koyarwa na tsangayoyin likitancin dabbobi da ke Zariya da Sakkwato da Maiduguri. Wanda kuma bai saya ba tukuna, ina roƙonsa kada ya saya. Likitocin dabbobinmu da ƙungiyarsu su fara faɗa wa jama'a wannan tun yanzu, tun kasuwar ba ta kafu a nan ba.